In daɗin ƙwaya raguwa yake yi, me ya sa jarabarta ke ƙaruwa?

Abu Sadik:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure min kai game da masu shan ƙwayoyin nan masu ƙara kuzari, irin su hodar iblis da amfetamin da wannan met ɗin (metamfetamin) da ake zuƙa. Duk wanda ka tambaya cikinsu zai ce maka daɗin da ya ji a karon farko bai sake jin irinsa ba, kullum raguwa yake yi sai ya ƙara yawan abin da yake sha. To in daɗin raguwa yake ai kamata ya yi son abin ma ya ragu ko? amma sai ka ga akasin haka, mutum ya rabu da komai nasa a kan abin da shi da bakinsa yake cewa ya daina jin daɗinsa. Masana don Allah a warware mana, me ke faruwa a cikin kai?

Kawun Kowa:
Wa alaikumussalam. Ba sai an tara masana ba yaro, sabo turken wawa. Son zuciya ne kawai, in mutum ya ga dama gobe ma zai bari.

Ɗan Lab:
Kawu Allah ya ƙara girma, sabo yana ciki amma bai amsa tambayar ba, don in sabo ne kaɗai da komai tare zai dusashe, daɗin da son duka. Wannan tambayar ta Abu Sadik ita ce dai wadda wasu masu bincike biyu na jami'ar Michigan a Amurka, Terry Robinson da Kent Berridge, suka zauna a kanta har suka fito da ra'ayinsu a 1993.

Bari in faro daga tushe kaɗan. Akwai sinadarin da ake kira dofamin, jijiyoyin da ke fitar da shi sun taso ne daga wani ɗan wuri can ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna VTA suna zuba shi a wani wurin da ake kira akumbens. In ya fito ya isar da saƙo akwai wani furotin a bakin jijiyar, DAT sunansa, aikinsa ya zuƙe dofamin ɗin ya mayar ciki don kada saƙon ya daɗe. Hodar iblis toshe DAT take yi sai dofamin ya taru a waje. Amfetamin da met sun fi ta ɓarna, su shiga cikin jijiyar suke yi su zazzage ma'ajiyar dofamin ɗin sannan su juya DAT ya koma fitarwa maimakon zuƙewa. A 1988 Di Chiara da Imperato a Italiya sun sa ɗan siririn bututu a kan ɓeraye suna auna abin da ke fita suna yawo, suka ga amfetamin na ɗaga dofamin na akumbens kusan ninki 10, abinci kuwa a wasu gwaje-gwajen daban an ga ko ninki 2 ba ya kaiwa.

Yanzu ga abin mamakin. In ka yi wa ɓera allurar amfetamin yau, ka bar shi ya huta, ka sake yi masa adadin nan dai bayan kwana biyu, ka ci gaba a haka, maimakon jikinsa ya saba sai ka ga zirga-zirgarsa da maimaita motsi ɗaya da yake yi ƙaruwa suke. Adadin bai canza ba amma amsar da ƙwaƙwalwa ke bayarwa na ƙara ƙarfi, ta zama mai saurin tunzura. Segal da Mandell sun nuna haka tun 1974, kuma a 1991 a ɗakin binciken Robinson an ga ɓerayen da aka daina ba su ƙwayar har shekara guda suna nan da wannan saurin tunzurar. Shekara guda a rayuwar ɓera ba wasa ba ne, kusan rabin rayuwarsa kenan ko kashi ɗaya cikin uku.

Abu Sadik:
To tsaya ɗan'uwa, ai ka ƙara rikita ni. In dofamin shi ne sinadarin daɗi kuma ka ce ƙaruwa yake, ai daɗin ne zai ƙaru

Ɗan Lab:
Yawwa nan nake so ka zo. Waye ya ce dofamin sinadarin daɗi ne? haka aka ɗauka shekara da shekaru, har yanzu haka ake rubutawa a jaridu, amma Berridge ya gwada. Ya ɗauki ɓeraye aka kashe musu kusan dukkan jijiyoyin dofamin da wata guba, sai suka daina neman abinci gaba ɗaya, abincin na gabansu za su mutu da yunwa in ba a ɗura musu ba. Amma in aka ɗiga musu ruwan sukari a baki sai su lashe baki su fito da harshe daidai yadda lafiyayyen ɓera ke yi in ya ji zaƙi. Ma'ana daɗin na nan, abin da ya mutu shi ne ƙwarin guiwar tashi a nema. Daga nan suka raba abin gida biyu, jin daɗi daban, kwaɗayin nema daban. Jin daɗin yana hannun wasu ƴan ƙananan wurare da ke aiki da sinadarai dangin ofiyom na jiki, shi kuwa dofamin aikinsa ya sa abu ya ja hankalinka ya fizge ka. Sai suka ce ƙwayar bangaren kwaɗayi take tunzurawa, bangaren daɗi kuwa ko dai ya tsaya ko ya ragu. Kamar mai ƙazwa ne, susa ta daina yi masa daɗi tun tuni har fata ta ɗaye amma hannu ba ya iya barin wurin.

Na Bar Ta:
Wlh wannan bayanin ya zauna min. Ni na sha met a baya, Allah ya raba ni da ita. Can ƙarshe ba daɗi nake nema ba, wani lokacin ina cikin zuƙa ina tsinewa kaina. Amma in na ga irin ƙwalbar da muke amfani da ita ko na ji wani ƙauri mai kama da nata, kafin in yi tunani zuciyata ta fara bugawa, ƙafata ta san hanya. Kawu ka yi haƙuri ba gardama nake da kai ba amma ba a ga dama ba ne kawai

Kawun Kowa:
Allah ya ƙara tsare ka ɗana. Amma ai ga shi ka bari, kenan ana iyawa.

Likitar Dare:
Ina bin zancen tun ɗazu, Ɗan Lab ka yi bayani mai kyau sai dai ka faɗi rabin labarin ne ka ɓoye rabi, kuma rabin da ka ɓoye shi ne na mutane. Duk abin da ka kawo ɓera ne. Da aka fara duba ƙwaƙwalwar masu shan hodar iblis na gaske da na'urar PET mai ɗaukar hoton abin da ke gudana a cikin ƙwaƙwalwa me aka gani? Nora Volkow, wadda ta zama shugabar cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka NIDA a 2003, tun tana cibiyar bincike ta Brookhaven ta nuna a 1993 cewa makarɓan dofamin nau'in D2, wato wuraren da dofamin ke sauka a jikin jijiya ya isar da saƙo, sun ragu a kansu, kuma raguwar na nan watanni bayan sun daina. A 1997 ta yi musu allurar metilfenidet, wanda shi ma DAT yake toshewa, dofamin ɗin da ya fita a kansu bai kai na waɗanda ba sa sha ba, nesa ma ba kusa ba. A 2007 Diana Martinez a jami'ar Columbia ta maimaita da amfetamin ta samu abu ɗaya, har ma ta ga waɗanda dofamin ɗinsu ya fi dusashewa su ne suka fi zaɓar hodar in an ce su zaɓa tsakaninta da kuɗi. To ina saurin tunzurar? a mutum dusashewa muke gani ba tunzura ba.

Kuma ni abin da nake gani a ɗakin duba marasa lafiya ya fi kama da abin da George Koob, wani mai binciken shaye-shaye a Amurka, yake faɗa, mutum ya zo maka a laƙwashe, ba abin da ke faranta masa rai, ba abinci ba iyali ba, barci ya lalace, ga ƙunci ga fargaba, yana sha ne don ya dawo daidai ba don ya hau sama ba.

Ɗan Lab:
Dakta ranki ya daɗe ban ɓoye ba, zuwa nake kika riga ni. Amma ba gaskiya ba ne a ce ba a gani a mutum ba. A 2006 Isabelle Boileau da abokan aikinta a McGill da ke Montreal sun ɗauki lafiyayyun maza 10 aka ba su amfetamin ta baki, miligiram 0.3 a kowane kilo na nauyin jiki, sau uku kacal da tazarar kwana ɗaya a tsakani. Bayan sati 2 aka sake ba su adadin nan dai aka duba da PET, dofamin da ya fita ya fi na ranar farko. Bayan shekara guda 7 daga cikinsu suka dawo, abin na nan. Sau uku fa kawai.

Likitar Dare:
Mutum 10, kuma ba ɗaya cikinsu da ya kamu. Ka nuna min farkon hanya ne, ni ina maganar wanda ya shekara goma yana sha.

Mai Magani:
Ku bari in shiga tsakani don ina ganin kowannenku na riƙe da gefe ɗaya ne. Yadda ake ba da ƙwayar shi ke raba sakamakon. A 1998 Serge Ahmed da Koob sun bar wasu ɓeraye su danna maɓalli su yi wa kansu allurar hodar iblis awa 1 a rana, wasu kuma awa 6. Na awa 1 suka tsaya a adadi ɗaya, na awa 6 suka yi ta ƙarawa kullum. Irin waɗannan na awa 6 ɗin da jininsu ke cike da ƙwaya wuni guda, su ne daga baya aka ga hodar ta rage tasiri a kansu, wato dusashewar da Dakta ke faɗa. Sai a 2012 a ɗakin binciken David Roberts suka ce ai mutane ba haka suke sha ba, mutum zuƙa yake ya hau ya sauka ya sake zuƙa, sai suka tsara minti 5 akwai ƙwaya minti 25 babu, a yi ta maimaitawa. Waɗannan ɓerayen jimillar abin da suka sha bai kai na ƴan awa 6 ba ko kusa, amma sun fi su naci wajen nema, kuma da aka auna sai aka ga tasirin hodar a kan DAT ƙaruwa ya yi a wurinsu. Kenan hawa da saukar ne ke tunzurawa, cika jini ba ƙaƙƙautawa shi ke dusarwa, kuma mutum ɗaya zai iya haɗa duka biyun a lokuta daban daban.

Ɗan Lab:
Madalla. Kuma akwai wani abu game da hotunan PET ɗin can da wasu masu bincike, Marco Leyton da Paul Vezina, suka yi ta nanatawa. Ka ɗauko mutumin da ya saba sha a wani ɗaki da wasu abokai da wasu kayan aiki, ka kwantar da shi cikin na'ura a asibiti ga ma'aikata a kansa, duk abin da ke wurin yana gaya wa ƙwaƙwalwarsa nan ba wurin sha ba ne. A ɓera ma an san saurin tunzurar yana maƙale da wuri, in ka saba yi masa allura a wani keji ka gwada shi a wani kejin daban sau da yawa ba za ka ga komai ba sai ka mayar da shi na farkon. Ita kanta Volkow a 2006 da ta nuna wa masu shan hodar bidiyon mutane suna sha, ba a ba su komai ba bidiyo kawai, dofamin ya tashi a kansu kuma gwargwadon tashinsa gwargwadon kwaɗayin da suka ce suna ji. Anna Rose Childress a Philadelphia ta ma fi haka, a 2008 ta riƙa walƙa musu hotunan kayan sha na milisakan 33, gajarta ta kai ba su san sun gani ba, amma sassan kwaɗayi na ƙwaƙwalwa sun motsa. Abin da Na Bar Ta ya faɗa kenan na ƙafa ta san hanya kafin tunani.

Likitar Dare:
Na yarda da na bidiyon. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki gudun ɓera a keji a ce shi ne jaraba. Ɓera ya ƙara zagaya keji, to sai me? Inda ni na ga saurin tunzura ƙarara a mutum ba a kwaɗayi ba ne ma, a taɓin hankali ne. Japan ta sha wannan bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da met ɗin da aka tara don sojoji da ma'aikatan masana'antu ya fantsama kasuwa da sunan Philopon, sai da suka yi dokar hana shi a 1951, a 1954 kaɗai an kama sama da mutum 55,000. Likitocinsu sun lura wanda ya taɓa zaucewa da met, ya riƙa jin muryoyi yana ganin ana bin sa, ko ya daɗe da bari in ya sake taɓa ɗan kaɗan zaucewar na dawowa nan take, adadin da a da ba zai yi masa komai ba. Wasu ma ba su sha ba, tsananin damuwa kawai ya dawo musu da ita. Mitsumoto Sato ya rubuta a kan haka a 1983. Wannan kam ina ganinsa da idona a wurin aiki.

Abu Sadik:
Damuwa kuma? ina ruwan damuwa da ƙwaya

Ɗan Lab:
Hanya ɗaya suke bi. Antelman a Pittsburgh ya nuna a 1980 cewa in ka yi ta matse wa ɓera wutsiya kana takura masa, daga baya in ka ba shi amfetamin zai amsa kamar wanda ya daɗe yana sha, haka in ka juya, wanda ya sha amfetamin ya fi saurin firgita da takura. Sinadaran damuwa na jiki suna taɓa jijiyoyin VTA ɗin nan dai. Shi ya sa wanda ya bari yake komawa ranar da aka kore shi aiki ko aka yi masa rasuwa.

Kuma Dakta game da to sai me, ai ba gudun kaɗai aka gani ba, an buɗe kan an duba. Robinson da Bryan Kolb a 1997 sun ga rassan jijiyoyin akumbens da na gaban goshi sun ƙara tsiro da ƴan ƙayoyin da suke haɗuwa da wasu jijiyoyin ta kansu, sama da wata guda bayan allura ta ƙarshe. Ungless da abokansa a 2001 sun ga allurar hodar iblis guda ɗaya tak ta ƙarfafa mahaɗan gulutamet (wani sinadarin isar da saƙo ne shi ma) da ke kan jijiyoyin dofamin, yana nan bayan kwana 5 ya ɓace kafin kwana 10, kuma irin ƙarfafawar da ƙwaƙwalwa ke yi ne in tana koyon abu. Tun 1989 ma Karler ya nuna in ka toshe makarɓan gulutamet na NMDA da wani sinadari MK-801 kafin ka ba da ƙwayar saurin tunzurar ba ya kafuwa. Sai Eric Nestler da furotin ɗinsa Delta FosB wanda ba ya saurin rushewa, duk sha sai ya ƙara taruwa a akumbens ya yi makonni yana kunna wasu ƙwayoyin gado yana kashe wasu. Abin nufi ƙwaƙwalwar koyo ta yi, mummunan koyo mai zurfi.

Na Bar Ta:
Akwai abu ɗaya da nake so ku yi min bayani. Kowa ce min yake satin farko ne mai wuya in ka wuce shi ka tsira. A wurina satin farko barci kawai na yi ta yi da cin abinci, wahalar gaske sai da aka yi nisa kowa ya saki jiki an ce na warke sannan ta zo

Mai Magani:
Ba kai kaɗai ba ne ɗan'uwa, an auna wannan. A 2001 Grimm da Shaham da abokansu sun raba ɓeraye da hodar iblis sannan suka riƙa dawo da su gaban maɓallin da fitilar da suka saba gani, ba ƙwaya a ciki. Wanda aka dawo da shi bayan kwana 1 ya ɗan danna ya bari, wanda aka dawo da shi bayan kwana 60 ya fi shi dannawa nesa ba kusa ba. Kwaɗayin da alama ke tayarwa ƙaruwa yake yi a watannin farko kafin ya fara sauka. A 2008 a ɗakin binciken Marina Wolf aka gano a tsawon wannan hutun akumbens na saka wasu sababbin makarɓan gulutamet masu barin kalsiyam ya shiga, in aka toshe su dannawar na raguwa. Shi ya sa sallamar mutum bayan sati biyu a ce an wanke masa jini ba magani ba ne, lokacin ma abin bai nuna ba.

Kawun Kowa:
To ku ƴan boko in na fahimce ku mutum ba shi da laifi kenan, ƙwaƙwalwa ce ta yi. Wannan ai buɗe ƙofa ne, gobe kowa ya ce Delta kaza ce ta sa shi. Mutum ba ɓera ba ne an ba shi hankali.

Likitar Dare:
Kawu a nan ina tare da kai fiye da yadda kake zato, kuma abin dariyar ɓerayen ma suna tare da kai. A Bordeaux ta Faransa a 2004 Deroche-Gamonet da Piazza sun bar ɓeraye suna shan hodar iblis wajen wata 3, sannan suka gwada su, wa zai ci gaba da dannawa ko an nuna masa babu, wa zai yi wahala mai yawa don allura ɗaya, wa zai ci gaba ko ana jan sa da lantarki a ƙafa. Kashi 17 cikin 100 ne kawai suka cika duka ukun, sauran sun sha iri ɗaya amma da wuya ta zo suka janye. Kuma adadin ya yi kusa da na mutanen da ke kamuwa cikin waɗanda suka taɓa hodar. A 2007 a ɗakin binciken Ahmed aka ba ɓeraye zaɓi tsakanin hodar da ruwa mai zaƙi, kashi 94 suka zaɓi zaƙin. A 2018 Venniro ya ba su zaɓi tsakanin met da buɗe ƙofa su yi wasa da ɗan'uwansu ɓera, kusan duk suka zaɓi ɗan'uwan, har da waɗanda suka fi kamuwa. Zaɓi bai mutu ba kenan, nauyi aka ɗora masa a gefe ɗaya, kuma nauyin ba ɗaya ba ne a kan kowa. Wanda bai taɓa jin wannan fizgar ba sauƙin cewa a bari yake ji.

Ɗan Lab:
Ga misali Kawu da ba ruwansa da tarbiyya. Masu cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, dattawa ne galibi, ana ba su magunguna irin su pramipexole da ke kwaikwayon dofamin. Wani bincike a 2010 a kan marasa lafiya sama da 3,000 a Amurka da Kanada ya samu kashi 17 na masu shan irin wannan maganin sun faɗa caca ko sayayya ba kan gado ko ci ko neman mata fiye da kima, a waɗanda ba sa shan sa kashi 7 ne. Mutumin da ya shekara sittin bai taɓa caca ba. A rage maganin, a yawancinsu abin ya lafa.

Kawun Kowa:
Ikon Allah. Wannan kam ban taɓa ji ba. Amma su ai likita ne ya ba su, ba su suka je suka nema ba, a nan bambancin yake kuma ba za ku raba ni da shi ba.

Maman Iman:
Salam, ku gafarce ni na shigo a tsakiya amma hankalina ya tashi. Ɗana likita ya sa shi a kan Ritalin, wato metilfenidet, saboda matsalar rashin natsuwa, yanzu na ga Dakta ta ce metilfenidet shi ma DAT yake toshewa kamar hodar iblis, Ɗan Lab kuma ya ce sau uku ya isa ya canza ƙwaƙwalwa. To ni tunzura masa kai nake yi kullum da safe kenan??

Mai Magani:
Maman Iman kwantar da hankalinki, kuma don Allah kada ki tsayar masa da magani sai kin zauna da likitansa. Gaskiya ne wuri ɗaya suke kamawa amma saurin shiga da saurin fita shi ne kusan komai a wannan harkar. Hodar da aka zuƙa cikin sakanni take isa ƙwaƙwalwa, kuma Volkow ta auna a 1995 rabinta na barin ƙwaƙwalwa cikin kamar minti 20, metilfenidet kuwa sai ya kai minti 90. In ta baki aka haɗiya ma sai ya yi wajen awa guda kafin ya kai ƙololuwa, a hankali yake hawa, ba wannan fizgar. Anne-Noël Samaha ta gwada a ɓera, adadin hodar iri ɗaya, wanda aka tura masa cikin ƴan sakanni ya tunzura, wanda aka tura masa a hankali bai kai haka ba. Sannan an bi yara masu wannan matsalar har girmansu, a Sweden an duba bayanan dubban mutane a 2014 ba a ga maganin ya ƙara shaye-shaye ba, raguwa ma aka gani, wani dogon bincike na Amurka da ya fito a 2023 kuma bai ga ƙari ko ragi ba. Inda matsala take shi ne a daka ƙwayar a shaƙa, ko a ninka adadi, ko wanda ba a rubuta masa ba ya karɓa don karatun dare. Ki riƙe maganin a hannunki ki riƙa ƙirgawa.

Maman Iman:
Na gode sosai Allah ya saka. A hannuna yake dama

Abu Sadik:
To duk wannan binciken na shekara hamsin, an samu maganin da zai mayar da ƙwaƙwalwar yadda take?

Likitar Dare:
A'a, kuma nan ne nake jin haushin fannin su Ɗan Lab wani lokacin. Masu shan hiroyin suna da metadon da bufrenofin, amma har yau hukumar magunguna ta Amurka FDA ba ta amince da magani ko ɗaya ba don jarabar hodar iblis ko met. Abubuwa da dama sun yi aiki a ɓera suka faɗi a mutum. Na kusa kusa shi ne gwajin da Trivedi ya jagoranta aka wallafa a 2021, mutum 403 masu shan met, aka haɗa allurar naltirekson da ƙwayar bufrofiyon, kashi 13.6 suka amsa, a waɗanda aka ba maganin bogi kashi 2.5. Ya fi babu amma duba yawan waɗanda bai yi wa komai ba. Abin da ya fi kowanne hujja har yanzu ba ƙwaya ba ce, tsarin da Stephen Higgins ya fara a Vermont a farkon shekarun 1990 ne, a gwada fitsari sau biyu ko uku a sati, duk ranar da ya fito ba ƙwaya a ba mutum ɗan tukuici nan take, tukuicin na ƙaruwa in ya jera, in ya karya a koma farko. Mutane da yawa ba sa son jin an ba mai shaye-shaye lada amma shi ne ke aiki.

Ɗan Lab:
Wanda kuma daidai yake da ɓerayen Venniro, a ajiye wani abin so a gefe yanzu yanzu ba alkawarin shekara mai zuwa ba. Sai ki daina jin haushinmu Dakta.

Abu Sadik game da komawa yadda take, wani ɓangaren na komawa. A 2001 Volkow ta sake duba masu shan met da suka yi wata 12 zuwa 17 ba su taɓa ba, DAT ɗinsu da ya ragu ya farfaɗo sosai, sai dai mutum 5 ne kawai kuma gwajin tunani da saurin motsin hannu bai farfaɗo daidai da hoton ba. Dusashewar da Dakta ke faɗa ita ce ke warkewa da lokaci, ɗanɗanon abinci ya dawo barci ya daidaita. Saurin tunzurar kan alamu shi ne mai taurin kai.

Likitar Dare:
Wannan na ƙarshen a ɓera ka tabbatar, a mutum har yanzu hasashe kake. Kawo min hoton PET na wanda ya kamu da gaske ya shekara biyar da bari, an ba shi ƙwaya a wurin da ya saba sha, dofamin ya fi na lafiyayye, ranar zan sallama.

Ɗan Lab:
Wane kwamitin ɗa'a ne zai sa hannu a ba wanda ya shekara biyar da bari ƙwaya Dakta? kin nemi gwajin da kin san ba za a yi ba

Likitar Dare:
Shi ya sa na ce hasashe.